Wanda Ya Kwance Lei Arba'in

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Juma'a aka bugo waya caji ofis na Hilo, wani gari a kan tsibiri, cewa an yi sata a kantin tsaraba na gidan tarihin taurari. Ana ruwan sama, amma wannan ba labari ba ne a Hilo.

Sufeto Delbert Nakoa ya ɗauki kofinsa ya fito. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, kuma manyan laifukan da ke zuwa teburinsa ba sa wuce satar fiya da rigimar karen maƙwabci. Saje Lorna Cabral ce ta ja motar. 'Ya'yanta huɗu, kuma kullum tuƙi take kamar duka huɗun suna tsaye a ƙofar makaranta suna jiranta.

Shugaban gidan, Mista Preston Whitlock, yana bakin ƙofa yana jira. Wata takwas ke nan da zuwansa daga Kalifoniya. Rigarsa ta fi ta kowa furanni a tsibirin, kuma yakan ce "aloha", gaisuwar tsibirin, fiye da mutanen garin gaba ɗaya. Yau dai ya manta.

"Ga shi nan, ku gani da idonku," ya ce.

Ya ratsa da su tsakanin kofuna masu zanen taurari, da 'yan kwale-kwalen katako, da madubin hangen sama na yara wanda ba ya hango komai. A can sama, bayan kanta, akwai akwatin gilashi. Babu komai a ciki sai farin ƙyalle.

"Lei ne, abin wuyan girmamawa, na katantanwar tsibirin Niihau," in ji Mista Whitlock. "Zare biyar. Kowace katantanwa ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Wata tsohuwa ta yi shekara biyu tana tsince su a bakin teku. Gobe za mu rataya wa Dakta Noelani Figueira shi a gaban jama'a, saboda tauraro mai wutsiyar da ta gano. 'Yar garin nan ce. An gayyaci kowa."

"Nawa yake?" Sufeto ya tambaya.

Mista Whitlock ya faɗi kuɗin. Sufeto ya tuna motarsa, ya ji tausayinta.

"Ba a fasa gilashin ba," in ji Saje Lorna.

"Ba a fasa ba. Makulli biyu ne. Ɗaya yana aljihuna, ɗayan yana wuyan Benito Agbayani, mai tsaron kantin. Da safen nan na duba takardunsa. Ya taɓa zaman gidan yari. Hukumar gudanarwa za ta zauna ƙarfe biyu, kuma ina so kafin nan yana hannunku. Takardar korarsa tana kan teburina, sa hannu kawai ya rage."

"Kyamara fa?"

Mista Whitlock ya yi tari. Su biyun suka ɗaga kai. Wani ƙaton balan-balan mai siffar duniyar Jupita yana rataye daidai gaban kyamarar, kuma daga ƙurar da ke kansa, ya daɗe a wurin. Gida ne na mutanen da ke hango abin da ke bayan sararin samaniya, amma ba sa ganin kantarsu.

"Bai tsaya nan ba ma," Mista Whitlock ya ce, don ya canza magana. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta. "Lei arba'in na ƙwallon itacen kukui, na baƙin gobe. Duk ya lalata su. Mugunta ce kawai."

Sufeto ya ɗauki ɗaya. Ba a yanke ribon ba. An kwance shi ne a hankali, har lei ɗin ya tashi daga zobe ya zama doguwar igiya, sannan aka ƙulle kowane baki daban don kada ƙwallayen su zube. Ƙullin ƙarami ne, ninki biyu, a ɗame. Ya duba na biyu, da na goma, da na ƙarshe. Duk iri ɗaya.

"Mugu mai haƙuri," ya ce. Ya sa ɗaya a aljihu.

Benito Agbayani yana zaune a ɗakin ajiya tsakanin kwalayen cakulan. Dogo ne, shekararsa hamsin da biyu, sha ɗaya daga ciki a kantin nan. Yana ɗan shekara sha tara ya saci mota, ya yi kwana biyu yana gudu da ita kafin ya gane cewa a tsibiri duk inda ka bi gida kake komawa.

"Ben," in ji Sufeto, "ina makullinka?"

Benito ya jawo igiyar wuyansa. "Ga shi. Bai taɓa barin jikina ba."

"Ko jiya?"

"Ko jiya."

"Yaushe ka ga lei ɗin na ƙarshe?"

"Ƙarfe biyar, da zan rufe."

"Ka tabbata ka gan shi?"

Benito ya kalli kwalin cakulan kamar amsar tana rubuce a jikinsa. "Na gan shi."

"Akwai ɗan benci a gindin akwatin gilashin. Wa ya taka?"

"Ni."

"Ben, kai ne kake canza ƙwan fitilar rufin nan ba tare da tsani ba. Na gan ka bara."

"Bayana ne yake ciwo."

"Ciwon baya yana rage tsawo?"

Saje Lorna ta zauna a kan wani kwali kusa da shi.

"Kawu Ben, ka san in mutumin nan ya sa hannu, shi ke nan? Wa zai ɗauke ka aiki a garin nan da takardar kora a kan tsohon laifi? Kuma alƙali ba zai ji maganar ciwon baya ba."

"Na sani."

"To faɗa mana wa ka ba makullin."

"In kama ni za ku yi, ku kama ni kawai. A bar ni dai in gama jera kofunan can, yaran makaranta suna zuwa ƙarfe goma."

A waje Sufeto ya tambayi sakatariya su wa ke shiga bayan kanta ban da Benito. Ta ce masu aikin sa kai ne, tsofaffin mata shida. Ya tambayi wacce ce gajera a cikinsu.

"Duka," in ji ta.

Ofishin Dakta Noelani Figueira yana ƙarshen baranda. Mace ce mai shekara arba'in da ɗaya, mai fara'a, sanye da silifa da rigar sanyi. Ta ce ta ji labarin satar, kuma ita a bar bikin ma ba komai, ba ta son a kori kowa saboda ita.

Sufeto ya ajiye kofinsa a bakin teburinta. Ta kawar da kai, ta miƙe ta buɗe taga, duk da ruwan da ke shigowa.

"Jiya da yamma kina ina, Dakta?"

"Nan. Ina aiki."

A bango akwai jadawalin masu hawa dutsen Mauna Kea zuwa wurin manyan maduban hangen taurari. Sufeto ya bi shi da yatsa. An soke sunanta mako bakwai a jere.

"Kin daina hawa dutsen?"

"Kunnena ne. Likita ya ce iskar can sama ba ta yi masa daɗi."

"Wanne kunnen?"

Ta taɓa na hagu. Sai ta yi tunani, ta taɓa na dama. "Yakan canza."

Saje Lorna ba ta kallon jadawalin. Kwandon shara take kallo, wanda ya cika da ledojin busassun 'ya'yan itacen nan masu gishiri da tsami da yara ke tsotsa. Duk da tambarin kantin tsaraba. Kusa da kwamfuta kuma ga ɗanyar citta an naɗe a ganye, an ɗaure da ribon.

Sufeto ya ɗauki ƙunshin. Ya fito da lei ɗin aljihunsa ya jera su. Ƙulli ƙarami, ninki biyu, a ɗame.

"Wa ya kawo miki wannan?"

"Anti Ululani, mai aikin sa kai a kanti. Kowace safiya sai na tarar da shi. Ta ce wai na rame." Dakta ta yi dariya. "Ba ta zo yau ba, wannan na jiya ne. Ba dai ita kuke zargi ba? Shekararta saba'in da takwas."

"Mu 'yan sanda ne, Dakta. Har Jupita muna zargi."

Da suka fito baranda, Saje Lorna ta jingina da bango tana murmushi.

"Yallaɓai, nawa ne 'ya'yanka?"

"Biyu. Kin sani."

"Kuma ba ka gane komai ba a ɗakin nan?"

"Na gane tana ƙaryar kunne."

"Ba a barin mutum iri uku su hau dutsen can: masu ciwon zuciya, ƙananan yara, da masu ciki. Ƙamshin kofi yana tayar mata da zuciya. Ta cinye tsamin kantin kaf. Ni a cikina na uku har na kantin makarantar firamare na saye."

Sufeto ya tsaya cik. Sai ya tuna wata rana a filin jirgi, shekara ashirin da huɗu baya, lokacin da matarsa ke da ciki, wata ƙawarta ta rataya mata lei na furanni, surukarsa kuma ta fito da almakashi daga jaka ta datse shi a wuyanta tun kafin a gama gaisawa. Ba a rataya wa mai ciki rufaffen lei. Tsofaffi sun ce igiyar cibiya ce za ta naɗe wuyan jariri. Sai dai a ɗora mata buɗaɗɗe, baki biyu suna reto. Sufeto bai taɓa yarda da maganar ba, kuma bai taɓa barin a karya ta a gidansa ba.

"Mene ne aikin Anti Ululani kafin ta yi ritaya?"

"Yallaɓai, ungozoma ce. Ita ta karɓi biyu daga cikin nawa."

Ya sake kallon ƙullin. Irin wanda ungozoma ke yi wa cibiyar jariri ne. Ya ji wani abu ya motsa a daidai cibiyarsa.

Sai da suka ɓata awa uku kafin su isa, saboda Mista Whitlock ya tsare su ya karanta musu dokokin gidan shafi sha ɗaya, sannan ya nace sai an ɗauki hoton yatsun Benito. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin suka tsaya a ƙofar wani ƙaramin gida a unguwar Keaukaha. Sufeto ya cire takalmansa ya jera kusa da silifan da ke bakin ƙofa. Ko kamu ka zo yi, ba a shiga gidan mutane da takalmi.

Anti Ululani Kahele tana zaune a baranda, tabarau biyu a hancinta, ɗaya a kan ɗaya. A kan farin tawul a gabanta ga zare biyar na katantanwa, ja da fari da ruwan ƙasa, shimfiɗe a miƙe.

"Anti, barka da rana."

"Delbert. Ka yi ƙiba. Lorna, yaya ɗanki Micah da haƙoransa? Ku zauna, akwai ayaba."

"Anti, mun zo maganar lei ɗin ne."

"Wane lei?"

Sufeto ya kalli tawul ɗin. Ita ma ta kalla, sai ta ɗan ja jarida ta rufe kusan rabinsa.

"Anti, ke kika karɓi makulli a hannun Ben?"

"Ban karɓa ba. Na ce masa ya sunkuyo, ya kalli taga. Sauran tsakanina da igiyar ne."

"Kin san wannan sata ce?"

"Yaro, ni na fito da kai duniya, ta ƙafa ka zo, kuma tun ranar nan ba ka daina zuwa abu ta baya ba. Sata ita ce a ɗauka kada a mayar. Ni na ce wa Ben kafin a buɗe kanti yau zai dawo. Yatsuna ne suka ci amanata. Ka san katantanwa nawa ne a nan? In ka yanke zaren sai su watse har Honolulu. Sai dai ka bi baki ɗaya bayan ɗaya, ka sake ɗinkewa."

"Me ya hana ki gaya wa Mista Whitlock?"

"Mutumin da ya aika wa ma'aikata tamanin saƙo ranar da kifin tankin ofis ya mutu? Kafin yamma ta yi da ya sa an yi wa Dakta kek ɗin murna." Ta cire tabarau ɗaya. Muryarta ta sauka. "Sau biyu yarinyar nan tana rasa ciki. Na farko garin nan duka ya taya ta murna, sannan garin duka ya dawo yi mata jaje, a kanti, a coci, a layin banki. Wannan karon ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma ba ta gaya mini ba, tafiyarta na gani. Ita za ta faɗa ranar da ta ga dama. Amma ba zan zauna ina tafi a rataya mata zobe a wuya ba."

"Anti, ita fa masaniyar kimiyya ce," in ji Sufeto.

"Jaririn fa? Shi ma ya yi digiri?"

Saje Lorna ta ɗauki ayaba ta sa a baki don kada ta yi dariya.

"Abu ɗaya ne ban gane ba," Sufeto ya ce. "Sauran arba'in ɗin. Me suka yi miki?"

Anti Ululani ta dube shi da tausayi. "Kai ne sufeton? In mutum arba'in da ɗaya suka tsaya a zaure, arba'in da rufaffe, mace ɗaya da buɗaɗɗe, wace tsohuwa ce a Hilo ba za ta karanta ba? Ai gara in yi shela a rediyo. Amma in kowa nasa a buɗe yake, sai a ce sabon yayi ne na mutumin Kalifoniya."

A shekara ashirin da shida Sufeto bai taɓa haɗuwa da mai laifin da ya yi shiri haka ba.

"Akwai matsala ɗaya, Anti. Ƙarfe biyu za a kori Ben, kuma ana so in tafi da shi. Ya ƙi faɗin sunanki."

Ta ajiye allurar. "Wane Ben? Benito? A kan me?"

"A kan motar da ya sata yana yaro."

"Sakaran yaro. Na ce masa ya yi shiru, ban ce ya mutu ba." Ta kalli agogo. "Saura baki ɗaya. Lorna, riƙe mini nan. Delbert, kawo gwangwanin biskit ɗin can, ka zubar da maɓallan da ke ciki."

Saje Lorna ta kai su cikin minti tara. Anti Ululani ta ce an yi ta jan jiki.

Mambobin hukuma bakwai suna zaune, Mista Whitlock yana tsaye da biro a hannu, Benito yana bakin ƙofa rungume da hularsa. Anti Ululani ta shiga ba sallama, ta ajiye gwangwanin a tsakiyar tebur, ta buɗe.

"Ni na ɗauka. Ni na kwance arba'in ɗin can. Ben bai san komai ba, ban da cewa in na ce ya sunkuyo yana sunkuyowa."

Mista Whitlock ya leƙa gwangwanin. "Kin buɗe shi. Kin canza kayan tarihi. Don me?"

"Na tsufa. Ba na son ganin abu a ƙulle."

"Wannan ba dalili ba ne."

"A shekaruna dalili ne."

Mista Whitlock ya juya wajen shugaban hukumar, wani lauya mai furfura, yana neman taimako. Lauyan yana kallon rufi. Biyar daga cikin bakwai ɗin nan ta hannun Anti Ululani suka shigo duniya, sauran biyun kuma sun auri waɗanda suka shigo ta hannunta. Matan da ke cikinsu sun kalli bakin lei ɗin, sun kalli juna, sannan kowacce ta shiga gyara takardun gabanta.

"Aikin ya yi kyau," in ji lauyan a ƙarshe. "Ni a ganina ya fi kyau haka. Preston, wace takarda ce a hannunka?"

Mista Whitlock ya kalli takardar. Ya ninke ta biyu, ya ninke huɗu, ya sa a aljihu. Sai ya ga ana kallonsa har yanzu, ya fito da ita ya yaga.

"Ben," ya ce, "ina ganin kantin yana buƙatarka."

"Yaran makaranta sun hargitsa kofunan," in ji Benito. Ya sa hularsa, ya tsaya gaban tsohuwar, ya sunkuyo ba tare da an ce masa ba. Ta ja masa kunne, sannan ta sumbaci goshinsa.

Sai dai an riga an buɗe fayil, kuma fayil ba ya rufuwa don an ji kunya. Sufeto ya ce dole Anti ta bi shi caji ofis ta ba da bayani a rubuce.

"Da ankwa?" ta tambaya.

"Ba sai da ankwa ba."

"Kai dai ba ka iya komai ba. Jikokina za su so hoton."

A baranda suka ci karo da Dakta Noelani, ta ji hayaniya ta fito. Saje Lorna tana riƙe da gwangwanin a buɗe. Dakta ta kalli baki biyu na lei ɗin, da ƙananan ƙullin da ke kansu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu.

"Anti," ta ce.

"Yaya kunnen?" in ji Anti Ululani.

"Da sauƙi. Likita ya ce yana nan lafiya."

"To a ci gaba da citta."

Sufeto ya buɗe mata ƙofar baya, inda masu laifi ke zama. Ta zagaya ta shiga gaba, ta ce Lorna ta tsaya wajen mai malasada, fanken garin, don ba za ta amsa laifi da yunwa ba. Bayaninta ya ci shafi huɗu, uku daga ciki a kan haihuwar Sufeto ne.

Ranar Asabar aka yi biki. Mutum arba'in da ɗaya suka tsaya a zaure da buɗaɗɗen lei a kafaɗa, Mista Whitlock kuma ya gaya wa 'yan jarida cewa shawararsa ce. Tsofaffin matan Hilo ba su yarda ba. Sun yi wata guda suna lissafin wa ake ɓoyewa a cikin taron, kuma da yake an duba cikin kowa da kyau a hotunan, wanda ya fi samun ƙuri'a shi ne Sufeto Delbert Nakoa.